Akwatin Sifanar Kofur

Ina yaro, duk lokacin da aka ce kakana ya yi yaƙin Bama, sai in ɗauka Bama ɗin nan tamu ake nufi, wadda ake shiga motarta a Tashan Bama, tafiyar wajen kilomita 70. Na daɗe ina mamakin yadda mutum zai yi shekara uku yana yaƙi a garin da ake zuwa cin kasuwa a dawo a yini guda. Ranar da na tambaye shi, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Kai, ɗan nema! Waccan Bamar sai ka yi sati-sati a kan ruwan gishiri kana amai kafin ka ga ƙasar da ke kusa da ita." Ashe ƙasar da yanzu ake kira Myanmar yake nufi, can bayan Indiya.

A unguwarmu ta Hausari ba mai kiransa da sunan yanka. Kofur ake ce masa, saboda igiya biyun da ya fito da su. Lambobin yaƙinsa suna cikin wani tsohon gwangwanin taba, kuma mu jikoki mun sha wasa da su ba wanda ya tsawata mana. Amma akwai wani akwatin ƙarfe kore a ƙarƙashin gadonsa wanda ko kakarmu ba ta taɓa shi. Sifanu ne a ciki, jere bisa girma, kowace a naɗe da tsumma mai ɗan baƙin mai, da filaya biyu, da sukundireba mai mariƙin katako, da littafin sallamarsa a cikin leda. Sai da na girma, na yi shekaru ina koyar da gyaran mota a makarantar sana'a, na fahimci dalilin da ya sa lambobin suka zama abin wasan yara, akwatin kuma ya zama abin tsaro.

Maiduguri kanta ai ɗiyar bariki ce. Bayan Faransawa sun kashe Rabeh a Kusuri a 1900, kuma ɗansa Fadlallah ya faɗi a Gujba a 1901, Turawan Ingila suka zaɓi tudun da ke bakin kogin Ngadda suka kafa sansani. A 1907 Shehu Abubakar Garbai ya taso ya zauna a Yerwa kusa da su. Garin ya tashi da ƙafa biyu, fada da bariki. A ɓangaren fada sana'a gado ce: ɗan maƙeri ya gaji uwar maƙera, ɗan baduku ya gaji jima da ɗinkin fata, ɗan marini hannunsa ya yi shuɗi tun yana ƙarami. Ba ka zaɓar sana'a, ita ke zaɓarka tun ranar suna. A ɓangaren bariki kuwa, a shekarun farko abin da ake koyarwa bai wuce fareti da harbi da goge takalmi ba.

Mutumin da ya fi nuna irin sojan wancan zamani ɗan ƙasar Borno ne, Chari Maigumeri. Ya fara aikin soja a hannun Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, a 1917 kuma ya sa kakinsu. Ya yi samanja shekara da shekaru, ya je Habasha, ya je Bama, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, yau ga bariki guda da sunansa a Lokoja. Ya canza tuta, amma bai canza aiki ba. Soja ya shiga, soja ya fita. Ga mutum irinsa wannan ya isa, domin ya kai ƙololuwa. Amma a kowace bataliya samanja guda nawa ne? Sauran ɗaruruwan in an sallame su sai su koma ga fartanya, ko su nemi gadi.

Yaƙin Hitila ne ya buɗe wata ƙofa, kuma a Maiduguri ta sama ya fara buɗe ta. Daga 1940, da hanyar Bahar Rum ta yi wa Ingila wuya, sai suka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, su bi ta Darfur zuwa Khartum, su ƙare a Alƙahira. Dubban jirage sun bi wannan hanya. Filin jirginmu ya zama zango, ana bukatar lebura masu sare daji, masu mirgina gangunan mai, masu zuba ƙasa. Kaka yana saurayi ya samu wannan aiki, kuma a nan ya fara ganin an buɗe cikin inji. Ya ce ya tsaya da garwar ruwa a ka yana kallon wani Bature ya zaro wani abu kamar hanjin rago daga cikin jirgi, ya hura, ya mayar, jirgin da ya ƙi tashi ya tashi. Sai da helma ya zabga masa tsumagiya ya tuna da garwar.

Ba shi ya kai kansa soja ba. A lokacin ana yanka wa hakimai adadin samarin da za su kawo, shi kuma ba shi da uban da zai tsaya masa. Aka kai su Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924. A nan aka yi rabon da ya yanke wa dubban mutane makomarsu a cikin minti guda. Akawu ya tambaye shi ko ya yi makaranta. Ya ce ya yi, har ya kai izu ashirin, yana kuma rubuta wasiƙa da ajami. Akawun bai ko ɗaga kai ba, ya rubuta cewa bai yi ba. Allo ba ya cikin lissafi.

Wannan ba abin da ya faru da shi kaɗai ba ne, tsari ne. Turawa sun daɗe da yanke wa kansu cewa mutanen Arewa su ne mayaƙa, Hausa ce ma harshen ba da umarni a rundunar. Da yaƙi ya bukaci direbobi, makanikai, masu wayar iska, akawuna da ma'aikatan jinya, sai aka ɗebo su galibi daga Kudu, inda makarantun mishan suka riga suka yi nisa. Namu aka ba su bindiga, aka yaba musu jarunta. Na sha jin dattawa suna alfahari da wannan yabo. Ni dai ina ganin an biya mu da kirari, an biya wasu da sana'a, kuma mun ga wanda ya fi auki a cikin biyun bayan an ajiye makamai.

Kaka ma ko bindigar bai samu ba. A Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda ta tashi zuwa Indiya a 1943, akwai rukunai na sojoji marasa makami waɗanda aikinsu dako ne: su ɗauki harsashi, abinci, akwatin wayar iska da sassan igwa a ka, su ratsa tsaunuka da dajin gora inda mota ba ta shiga. Da su aka shiga kwarin kogin Kaladan a farkon 1944, abinci kuma daga sama jirage ke jefo musu. Da adda da diga da shebur suka fasa wata hanyar jif mai tsawon fiye da mil 70 a cikin wannan daji. Kaka yana cikin masu saran.

A kan wannan hanya rayuwarsa ta juya. Wata jif ta kafe a hawa, makanikin rukunin, wani saja ɗan ƙasar Ibo, ya kwanta ƙarƙashinta yana neman mai miƙo masa kaya. Ya nuna da yatsa, Kaka ya miƙa daidai. Ya sake nunawa, ya sake miƙa daidai. Daga ranar in mota ta lalace sai sajan ya ce a kira masa ɗan Maidugurin nan. Ba su da harshe guda sai Hausar bariki, wadda ba ta san namiji da mace ba, amma ta isa a ce kama nan, ɗaure can, saki kaɗan. A takarda Kaka ɗan dako ne har yaƙi ya ƙare. A aikace ya yi shekara guda yana wanke kafireta da goge fulogi. Har ya rasu bai daina sa wa wannan saja albarka ba, ko da yake tun da suka rabu a tashar jirgin ruwa bai sake jin ɗuriyarsa ba.

Japan ta miƙa wuya a Agusta 1945, amma jiragen ruwan da za su mayar da mutane gida sun yi ƙaranci, sojojin Afirka ta Yamma da yawa sai cikin 1946 suka baro Indiya. Dubban samari zaune ba aikin yi, zafi da ƙishin gida, hukuma ta san abin da hakan kan haifar. Sai aka buɗe azuzuwan karatu da na sana'a: tuƙi, kafinta, birkila, tela, gyaran mota. Sajan nan ya kai sunan Kaka. Ya koyi baƙaƙen boko a cikin wata uku, ba don sha'awa ba, don ya iya karanta lambar da ke jikin sifana da alamar da ke kan ma'aunin mai. Aka yi masa gwaji, ya ci. A littafin sallamarsa, a gurbin sana'a, an ja layi a kan kalmar farko an rubuta wata a samanta, hafsa ya sa hannu a gefe. Wannan jan layi shi ne dukiyar gidanmu. Da shi aka sayi filin da aka haife ni a ciki.

Waɗanda suka dawo tare da shi ba duka suka dace ba. Gwamnati ta yi doka a 1945 da ta umarci masu ɗaukar ma'aikata su riƙa ba tsofaffin sojoji gurbi, amma ma'aikatu nawa ne a Lardin Borno a lokacin? En'e ta ɗauki wasu 'yan doka, wasu masinja, wasu gandirobobi. Kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata suka ɗauki wasu gadi. Da yawa suka cinye kuɗin sallama a cikin 'yan watanni, suka sayi keke da agogo, suka yi aure, suka koma gona. Mutanen gari kuma ba su sake da su ba. A lokacin in aka ce wane ɗan bariki ne, ba yabo ba ne: ana nufin ya ga duniya, idonsa ya buɗe, ba ya durƙusa wa dagaci yadda ya kamata.

Mai sifana kuwa ya faɗo a kan gaɓa. Jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964. Kafin nan duk gyaɗa, fata, ƙaro da bandar kifin Baga a bayan lori suke fita, zuwa Jos ko Nguru ko Kano, kaya kuma su shigo ta wannan hanya. Tafiyar kusan kilomita 600 ce zuwa Kano, rabinta gargada. Ta gabas, wajen Dikwa da Gamboru, ƙasar firgi ce, da rani ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, da damina ta haɗiye mota har bodi. Lorin Bedford ko Austin da zai yi wannan tafiya yana bukatar direban da zai iya sauke giya a tsakiyar daji ya mayar. Irin waɗannan direbobi, a shekarun farko, yawancinsu daga soja suka fito. Kaka ya yi shekara takwas yana jan lorin wani attajiri, sannan ya sauka ya kafa gareji a gindin wata darbejiya.

Na tashi na tarar da garejin, kuma sai daga baya na gane cewa ƙaramin bariki ne. Da asuba bayan salla yara su jeru, a duba farce da tsabtar riga. Kowace sifana tana da ƙusarta a jikin allo, an zana siffarta da fenti, in magariba ta yi aka ga zane ba sifana, ba mai tafiya gida. Sabon yaro shekararsa ta farko wankin noti ne da miƙo kaya, kamar yadda aka yi wa shi Kofur ɗin a Kaladan. Wanda ya yi laifi ya sha gwale-gwale da taya a ka. Ba na kare dukan da ake yi, na sha rabona kuma ban ga abin da ya ƙara mini ba. Amma ga abin da ya bambanta wurin da maƙerar gado: ba a tambayar ɗan wane ne kai. Babarbare, Bahaushe, Shuwa, Babur, Margi, ɗan malami da ɗan bawa, duk wanda ubansa ya kawo da goro an karɓa. Yawancin tsofaffin makanikan da na sani a hanyar Baga, in ka bi salsalar ogansu da ogan ogansu, za ka tarar da wani mai kaki a tushe.

Zagaye na biyu ya zo da yaƙin basasa. Juyin mulkin Janairun 1966 ya ci manyan hafsoshi 'yan Borno uku a dare guda, Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema, kuma zafin wannan ya sa samari da yawa a nan suka ruga shiga soja da yaƙi ya ɓarke a 1967. Ƙanen mahaifiyata yana cikinsu. Horon 'yan makonni aka yi musu aka tura su daji. Rundunar da ba ta fi mutum 10,000 da 'yan kai ba kafin yaƙi ta kumbura ta kai wajen 250,000 a 1970. Ba barikin da zai ɗauke su, ba aikin da za a ba su, kuma kowace gwamnati tana tsoron sallamar su gaba ɗaya. Sai a ƙarshen shekarun 1970 aka shiga rage su da gaske.

Kawu ya zo hutu a wannan tsakani, yana taƙama da kakinsa. Kaka ya dube shi ya ce, "Me ka iya?" Ya ce ya iya harba bindiga mai jigida. Kaka ya ce, "To, a Kasuwar Monday nawa ake biyan mai wannan?" Kawu ya koma ya nemi a sauya shi daga sojan ƙafa zuwa ɓangaren injiniyoyi. Bai zo da sauƙi ba. Sai kwamandanka ya yarda ya sake ka, sai an samu gurbi a kwas, sai ka ci jarrabawar lissafi da Turanci, shi kuwa a aji huɗu ya bar firamare. Sau biyu ana mayar da takardarsa. A karo na uku wani manjo da ya taɓa yi wa odile ya sa baki. Ya koyi aikin wayar lantarki, ya ci gwajin sana'a mataki na uku, daga baya na biyu. Ya fito daidai lokacin da kuɗin fetur ke zuba, Maiduguri ta zama babban birnin Jihar Arewa maso Gabas tun 1967, an kafa Hukumar Raya Tafkin Chadi a 1973, jami'a a 1975, ko'ina gini ake yi, ko'ina ana neman mai ja waya. Bai taɓa zaman banza ba.

Amininsa da suka shiga rana ɗaya bai nemi sauyi ba, ko kuma bai samu manjon da zai sa baki ba. Ya ƙare a ƙofar wani kanti da kulki da tocila, yana sara wa yaran da aka haifa bayan ya dawo daga fagen yaƙi a Onica. Na taɓa raka shi wani ofishi neman fanshonsa, muka yini a kan benci aka ce mu dawo wani watan.

Matan bariki ma sun fito da nasu, ko da yake ba wanda ya rubuta musu a littafi. Kasuwar mami da ke jikin kowane bariki makaranta ce. Matar Kawu a can ta koyi ɗinki da keke a wurin wata Bayarabiya, da girke-girken Kudu, da adashi mai rubutu. Shekarar da aikin kwangila ya tsaya cak, kekenta ne ya riƙe gidan.

Yau soja ya fi kowane lokaci yawa a garin nan. Tun 2013 hedikwatar Runduna ta 7 tana Maiduguri, ga barikin Maimalari, ga na Giwa, ga shingaye a kowace mashiga. A takarda kuma hanyoyin koyon sana'a sun fi na zamanin Kaka yawa nesa ba kusa ba. Akwai makarantun injiniyoyi da na sadarwa da na sufuri, akwai Jami'ar Soja a Biu tun 2018, akwai cibiyar Oshodi a Legas inda mai shirin ritaya ke yin wata shida yana koyon ɗinki, walda, kiwon kaji ko haɗa sabulu. Da na karanta wa Kawu wannan a jarida, sai ya girgiza kai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mutumin da ya yi shekara 35 yana riƙe da bindiga, gwiwa ta tafi, ido ya rage, shi za a ba keken ɗinki? Shi da Kaka duk suna da ƙuruciya suka sauya, kuma dukansu a lokacin da yaƙi ya lafa aka rasa yadda za a yi da su. Yaran sojan da ke fagen daga a Marte da Damboa da Malam Fatori yanzu ba su samu irin wannan lafawa ba. Wasunsu sun ƙware a abin da ba na fatan kowa ya sake bukata, kamar gano bam ɗin da aka binne a hanya.

Duk da haka ana samun masu kutsawa. Da aka kayar da turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a farkon 2021, gari ya shiga duhu wata da watanni, kowa ya koma sola. Wani ɗan saurayi las kofur na ɓangaren sadarwa ya riƙa zuwa garejin, wanda yanzu ɗan kawuna ke riƙe da shi, yana gyaran babur ɗin oga. A daji shi ke haɗa farantan sola da batura don kada na'urorinsu su mutu. Wata rana ya ga muna fama da batirin da ba ya riƙe caji, ya ce, "Baba, ku ba ni in duba." Cikin rabin sa'a ya gano mun haɗa wayar ba daidai ba. Na tambaye shi ko yana da takardar wannan aiki. Ya ce a'a, a wurinsu dai sunansa mai ɗaukar rediyo, amma ya nemi kwas, yana jira. Ban sake ganinsa ba, an ce an mayar da bataliyarsu wani wuri.

Kaka ya rasu a shekarar ambaliyar dam ɗin Alau ta farko, 1994. Akwatin ya dawo hannuna. Da dam ɗin ya sake ɓallewa a Satumbar 2024, ruwa ya kwana uku a ɗakin da yake. Littafin sallamar ya zama kamar tuwo, shafin da aka ja layin nan ya tafi. Sifanun dai na jiƙa su a kananzir na goge su ɗaya bayan ɗaya, suka fito fes. Na kai su gareji don a ci moriyarsu, sai ɗan kawuna ya gwada ɗaya a kan notin wata Keke Napep, ya gwada ta biyu, ya gwada ta uku. Duk awon inci ne, motocin yanzu kuwa milimita suke ji. Babbar cikinsu wani sabon yaro ya ɗauka yana buga ƙusa da ita, sai da na daka masa tsawa ya ajiye.